Ranar da Na Ce Ba Ta Damu Ba

Aikina tafinta ne. Kusan shekara talatin na yi a jistis, wato kotun Damagaram, ina tsaye tsakanin alƙali da talakawa, su faɗa da Hausa in juya masa da Faransanci, shi ya faɗa in mayar musu. Abin da aka ɗauke ni in yi ke nan. Amma duk alƙalin da ya kwana biyu da ni ya san ina da wani aikin da ba ya cikin takarda. In mutum ya gama magana, sai alƙali ya ɗan karkato wajena ya ce a hankali, da Faransanci don kada kowa ya ji, “Me ka gani?”

Kuma ina gani, ba yabon kai ba. Na san mai rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Na san mai gyara murya kafin ya faɗi iyakar gona, da wanda muryarsa ke sirancewa in an zo daidai wurin da ya ƙara gishiri. An taɓa kawo rigimar gona daga Gafati, shaida yana ta zuba kamar ya haddace, ni kuwa ƙafarsa nake kallo. Duk lokacin da aka ambaci wata tsamiya da ke kan iyaka, sai ya janye ƙafar dama ya ɓoye ta bayan ta hagu. Na ce wa alƙali ya tsaya a kan tsamiyar nan. Tambaya uku aka yi wa shaidan, maganar ta warware. Irin wannan ya sa kaina ya kumbura. Har masinjoji sukan ce wa mutane a bakin ƙofa, “Ku dai faɗi gaskiya, tsohon nan yana ganin cikin mutum.” Ina ji, ina yi kamar ban ji ba, alhali daɗi ne ke kashe ni.

A shekarar da zan ba da labarinta an kawo mana sabon alƙali daga Yamai. Yaro ne, bai fi sa'ar ƙanena na uku ba, mai kirki, mai son a yi daidai. Hausarsa ta sayen tumatir ce kawai. Ya zo da wani littafi da ya karanta a makarantarsu, wai in mutum ya ƙi haɗa ido da kai ƙarya yake yi, in ya naɗe hannu yana ɓoye wani abu. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, in haka ne duk matan Damagaram ɓarayi ne, har da kakata.” Ya yi dariya, ya jefa littafin cikin durowa. Daga ranar ya sakar mini wannan ɓangaren gaba ɗaya. Abin da na ce na gani, shi ya gani. Da ma ya ci gaba da duba littafinsa, wataƙila da ya fi.

Sai na faɗi wani abu game da kaina kafin in ci gaba. Ni ɗan fari ne. Manya sun san abin da wannan ke nufi, yaran yanzu ne sai an yi musu bayani. Uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban dangin mijinta. Tawa uwar ta riƙe wannan fiye da kowace mace a unguwarmu ta Birni. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Wannan” take ce mini, in kuma magana ta kama dole sai ta ce wa ƙanwata, “Ku ce masa ga tuwonsa can.” Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Yaya nake ce mata kamar yadda na ji ƙannenta suna faɗi. Ranar da zan tafi lakkol, wato makarantar boko, a Yamai duk gidan suka rako ni zaure, ita tana tsakar gida tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na san al'ada ce. Da ka tambaye ni da na yi maka bayani tiryan-tiryan, har da Faransanci. Amma abin ya tsaya mini a ƙirji, na girma ina jin haushinta, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba.

To, wata safiya bayan an gama girbi aka shigo da dosiye, wato takardun shari'a, na wata yarinya 'yar shekara shida. Ubanta ya rasu a damina. Yayar uban, wato gwaggon yarinyar, tana aure a Arlit, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo tana son ta tafi da ita ta riƙe, tana neman takardar riƙo don ta sa ta lakkol a can. Uwar yarinyar tana Guna, a gidan iyayenta. Wan uwar ne ya ce bai yarda ba, shi ya sa magana ta iso gare mu. Sai dai kafin ranar zama ya tafi cin rani, ya bar ƙanwarsa ta zo ita kaɗai. Alƙali ya ce ba sai an shiga zauren shari'a ba, a zauna a buronsa, wato ofishinsa, a yi sulhu. Ni na karanta masa dosiyen da bakina. A layi na biyu an rubuta cewa yarinyar ita ce ta fari a wurin uwarta. Na karanta, na wuce.

Gwaggon ce ta fara shigowa, Hajiya ce, babbar mace, da turare da awarwaro, ta riƙo yarinyar a hannu. Ta zauna ta ɗora ta a cinya. Uwar ta shigo daga baya, siririya, ba ta wuce ashirin da biyar ba, mayafinta ya koɗe, ƙafarta duk ƙurar hanya. An nuna mata kujera ta ƙi, ta durƙusa a ƙasa kusa da ƙofa, ta ba yarinyar gefe.

Gwaggon ta yi magana mai tsawo, tana yi tana kuka. Ta ce ƙaninta ne kaɗai namiji a ɗakinsu, wannan yarinyar ce abin da ya bari. Ta ce za ta sa ta lakkol, za ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Na saurari muryarta, ban ji ƙarya ba, kuma har yau ban ce ta yi ƙarya ba. Son yarinyar take yi tsakani da Allah.

Alƙali ya juya ga uwar. Ya ce in tambaye ta ko ta yarda a tafi da 'yarta. Na tambaye ta.

Ta ce, “Ai tasu ce.”

Ya ce in gaya mata ba abin da ya tambaya ke nan ba, ita me take so?

Ta ce, “Duk yadda manya suka yi daidai ne.”

Muryarta a shimfiɗe take, ba hawa ba sauka, kamar mai faɗin kuɗin gero a kasuwa. Idonta na ƙasa. Alƙali bai gamsu ba, Allah ya saka masa. Ya ce in ce mata ta dubi yarinyar, ta kira ta da sunanta, ta gaya mata da bakinta cewa ta yarda ta tafi. Na juya maganar yadda ya faɗe ta, ban rage ba, ban ƙara ba, alhali na san abin da ya nema ba abu ne da za ta iya ba. Ta ƙara sunkuyar da kai. Ta ce, “Waccan ai ta ji.”

Waccan! Da kalmar nan ta fito, wallahi matar Guna ta ɓace mini, tsakar gidanmu nake gani da rariya a hannun Yaya. Na dubi yarinyar, tana cinyar gwaggonta amma wuyanta a karkace yake wajen uwar, tana jira a kalle ta. Na san wannan jiran, na yi shi shekara da shekaru.

Akwai abin da idona ya gani a lokacin, ba zan ce ban gani ba. Hannunta na dama yana ƙarƙashin mayafi, babban yatsanta yana murza gefen mayafin, yana murzawa, har zare ya fara fita. Na ga jijiyar wuyanta tana harbawa. Na ga ƙurar ƙafarta, na kuma san mai son rabuwa da ɗa ba ta baro Guna da asuba don ta zo ta faɗi haka, aike take yi. A kan shaidan gona rabin wannan ya ishe ni. Ranar nan na gani na kawar da kai.

Alƙali ya karkato. Ya ce, “Me ka gani? In fitar da babbar in tambaye ta ita kaɗai?”

Na ce, “Ba sai an wahala ba, ranka ya daɗe. Ba ta damu ba. Yarinya ce, aure take so ta sake, an sauke mata kaya.”

Haka na faɗa, da Faransancina mai kyau. Ya dube ta, ya dube ni, ya ɗauki biro. Aka rubuta takardar sulhu, na karanta musu da Hausa. Gwaggon ta sa hannu. Aka miƙa wa uwar tawada, ta fito da wannan babban yatsan daga cikin mayafi ta dangwala. Gwaggon ta yi godiya, ta yi mana addu'a, ta ja yarinyar suka fita. Duka zaman bai kai awa ɗaya ba.

Da azahar na fito da butata zan yi alwala. A bayan ginin akwai wani itacen dogon yaro inda masu jiran shari'a ke fakewa. Na tarar da ita a tsugune a gindinsa ita kaɗai. Da ta gan ni ta miƙe.

Ta ce, “Malam, don Allah in ba ka saƙo?”

Na ce, “Ina ji.” Ko tsayawa sosai ban yi ba.

Ta fito da wani ƙulli a tsumma mai tsabta. Ta ce, “Gobe da safe za su hau mota. A ba ta wannan, aya ce da ƙuli-ƙuli, tana so. Kuma a gaya wa Hajiya, ba ta cin wake, yana kumbura mata ciki, ba za ta faɗa ba, sai dai a ga ta yi shiru. In zazzaɓi ya kama ta, ta kunnen hagu yake fara mata. Kitson da ke kanta kuma kada a yi saurin tsefewa, na yi mata ƙanana don ya daɗe. In za a tsefe a jiƙa da mai tukuna, tana da zafin kai.”

A kan “zafin kai” muryar ta karye. Ba kuka ta yi ba, muryar ce kawai ta tsinke. Ni da nake taƙama da kunne, sai a lokacin na ji ta. Na tuna kan yarinyar a buro, kitso ƙanana reras, irin wanda ake wuni ana yi. Kunya ta kama ni, kunyar kuma ta juye ta zama faɗa, don haka halina yake.

Na ce, “Haba baiwar Allah! Ke da kike son 'yarki haka, me ya hana ki buɗe baki? Sau uku aka tambaye ki!”

Ta ce, “A gaban yayar babanta? In ce me, Malam? In ce ina son ta?”

Na juya butar a hannuna.

Ta ce, “Shi alƙali baƙo ne, ban ga laifinsa ba. Da zan shigo gabana faɗuwa yake yi. Sai na gan ka, na ga furfura, na ji Hausarka irin tamu, hankalina ya kwanta. Na ce wannan ya sani, zai gaya masa.”

Ba da zafi ta faɗa ba. Ba ta ma san abin da na ce da Faransanci ba, ta ɗauka na yi iya ƙoƙarina alƙali ne ya ƙi. Har godiya ta yi mini.

Na ajiye butar a nan na koma ciki da sauri. Na gaya wa alƙali duka, har da abin da na ce ba daidai ba ne. Ya daɗe yana kallona, bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce in ta dawo ta faɗa da bakinta cewa ba ta yarda ba, zai kira gwaggon a sake zama kafin su tafi. Na fito na gaya mata. Ta girgiza kai. Ta ce ta riga ta dangwala a gaban Hajiya, in ta koma ta ce ta fasa, da wane ido za ta kalli dangin marigayi? Kuma yarinyar ce za ta sha gorin har ta girma. Na roƙe ta, ni da furfurata, na ce ni zan yi maganar, ita ta gyaɗa kai kawai. Ta ce, “Ai lokacin gyaɗa kan ya wuce, Malam.” Ta gyara mayafinta ta kama hanyar tashar Guna.

Washegari da safe na kai ƙullin tasha da kaina. Na sami gwaggon, na faɗa mata saƙon ɗaya bayan ɗaya, wake, kunnen hagu, kitso. Ta saurara da kyau, har ta sa na maimaita. Yarinyar tana zaune a bakin taga, an sa mata sabuwar riga. Na miƙa mata ƙullin. Ta shinshina tsumman, ta gane shi. Ta leƙa bayana, ta leƙa wancan gefen, sannan ta ce, “Baba, Yaya ba za ta zo ba?”

Ita ma Yaya take ce wa uwarta. Na ce mata tana gaishe ta. Abin da na iya ke nan. Na tsaya har motar ta fita.

Wan uwar ya dawo daga cin rani bayan wata huɗu, ya zo jistis ya yi ta faɗa a tsakar fili. Amma yarinya ta riga ta yi nisa, ga takarda da yatsan ƙanwarsa, dattawan ɓangaren biyu kuma suka ce a bar maganar kada zumunci ya lalace. Aka bar ta. Alƙalin bai sake tambayata me na gani ba har aka ɗauke shi daga Damagaram, ni ma ban sake cewa na ga wani abu ba. In ana maganar riƙon yaro, abu ɗaya nake roƙo, a fitar da kowa, a kira mace ma'aikaciya ta zauna da uwar. Wasu alƙalan sun yarda, wasu sun ce ɓata lokaci ne.

A Juma'ar makon da abin ya faru na je Birni gaida Yaya. Ta tsufa a lokacin, ido ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana fuskantar bango kamar kullum. Na zauna ina ba ƙanwata labarin, da ƙarfi yadda za ta ji, ban ɓoye abin da na ce wa alƙali ba. Na kai ƙarshen labarin. Can sai Yaya ta ce wa ƙanwata, “Ku ce masa bai kyauta ba.” Na dubi hannunta. Ta kama bakin zanenta tana murzawa da babban yatsa. Shekara hamsin da wani abu ina kallon fuskar matar nan ina jin haushi, ban taɓa duba hannunta ba. Na tashi na fita zaure don kada ƙanwata ta ga idona.

Na ajiye aiki da daɗewa yanzu. Shekarun baya wani abokina ya ja ni Guna ranar kasuwa, zai sayi rago. Ina tsaye ina jiransa sai wata mai sayar da kuka da kuɓewa busasshiya ta ce, “Malam, ina wuni? Ba ka gane ni ba.” Na gane ta. Ta yi ƙiba kaɗan, ga yaro goye a bayanta, ta sake aure ta haifi huɗu. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi alƙalin nan mai kirki. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na daure.

Na ce, “Ina labarin mutuniyar?”

Ta ce, “An ce ta gama lakkol. An ce ta yi tsawo, ta ɗauko babanta. Bara aka ce an yi mata aure can.”

Na ce, “An ce? Ba ta zo ba?”

Ta ce, “Sun zo sau ɗaya, ta'aziyyar kakarta. Ta gaishe ni da ladabi. Hajiya ta yi mata tarbiyya, ba abin da za a ce.”

Na so in gaya mata abin da na faɗa da Faransanci ranar nan. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai ta duƙa ta ɗebi kuka a gwangwani ta ƙulla mini a leda, ta ce in kai wa iyali, ta ƙi karɓar ko dala. Ta ce ba ta manta kirkin da na yi mata ba, ni na kai mata saƙo tasha.

Na karɓa. Na ce, “Da ta zo, kin kira sunanta?”

Ta sunkuyar da kai, ta yi ɗan murmushi. Hannunta na dama ya koma ƙarƙashin mayafi.